BAƘON DARE

Karatun yau: Yohanna 3:1-21
Ayar haddacewa: Yohanna 3:3



Nikodimu ba ƙaramin mutum ba ne a Urushalima. Bafarisiye ne, malamin Attaura, yana kuma cikin majalisar ƙoli ta Yahudawa mai mutum 71, wadda take yanke hukunci a kan al'amuran addini. Shi ake zuwa yi wa tambaya. Amma da ya ga alamun da Yesu ya yi a lokacin Idin Ƙetarewa, sai wata tambaya ta shiga zuciyarsa wadda duk karatunsa bai amsa ba. Ya jira har gari ya yi duhu, sawu ya ɗauke, sa'an nan ya nufi inda Yesu yake.

Me ya sa da dare? Babu mamaki tsoro ne. Yohanna 12:42 ya nuna mana cewa shugabanni da yawa sun gaskata da Yesu, amma suka yi shiru don kada a fitar da su daga majami'a. Mai rawani yana da abin da zai rasa: kujerarsa, mutuncinsa, abokan zamansa. Duk da haka ya zo. Mai tambaya kuwa ba ya ɓata.

Ku dubi yadda Ubangiji ya karɓe shi. Bai tsawata masa don ya zo a ɓoye ba. Bai kuma ruɗe shi da yabo don shi babba ne ba. Nikodimu ya fara da gaisuwar girmamawa, Yesu ya zarce kai tsaye ga ciwon: in ba a sāke haifar mutum ba, ba zai ga Mulkin Allah ba. Malamin ya rikice, yana tunanin yadda tsoho zai koma cikin mahaifiyarsa. Sai Yesu ya kawo masa misalin iska. Mu mutanen Dutse mun san wannan. Idan hunturu ya kama, kana kwance cikin ɗaki kana jin iska tana kaɗa ganyen dabino, tana bi ta tsakanin duwatsu. Ba ka ganinta, ba kai ka kira ta ba, amma da safe za ka tarar da ƙura a kan kome. Haka aikin Ruhu Mai Tsarki yake. Ba a gadonsa a wurin iyaye, ba a samunsa da takardar makaranta. Ni kaina na san da na riƙe difloma ta tauhidi kaɗai, ba tare da maya haihuwa ba, da ina nan a bakin ƙofa kamar Nikodimu.

Daga nan Yesu ya kai shi ga abin da ya sani sarai, wato macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji (Ƙidaya 21). Wanda maciji ya sara, dubawa kawai zai yi ya rayu. Haka za a ɗaga Ɗan Mutum a kan gicciye.

Littafi bai ce Nikodimu ya tuba a daren nan ba. Amma sau biyu muka sāke ganinsa. A Yohanna 7, sa'ad da majalisa take neman kama Yesu, ya tunashe su cewa Shari'a ba ta hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, suka yi masa ba'a. A Yohanna 19 kuma, ranar da yawancin almajirai suka ɓuya, shi da Yusufu mutumin Arimatiya suka ɗauki jikin Yesu. Nikodimu ya kawo mur da al'ul, fiye da kilo 30, irin jana'izar da ake yi wa sarki. Wanda ya zo a duhu ya tsaya a fili ranar da tsayawa ta fi haɗari. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙasarmu ma an yi irin wannan ƙishi. A ƙarni na 19 an yi wani masani a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa a kan Isa ya kai shi ga tara almajirai. Aka kashe shi, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi, maƙwabciyarmu. Shekaru suka shuɗe, tambayar ba ta mutu ba. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka isa wurin Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suna neman ƙarin bayani.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga abu biyu.

Na fari, ka binciki kanka. Kana iya zama dattijon ikilisiya, ko shugabar zumuntar mata, ko ɗan mawaƙa, kana fitar da zakka ba fashi, amma ba ka taɓa saduwa da Yesu kai da shi ba. Kada kunyar matsayi ta hana ka zuwa. Ƙofarsa a buɗe take ko da tsakar dare ne.

Na biyu, idan Allah ya aiko maka da baƙon dare, ko abokin aiki a sakatariya, ko ɗalibi a jami'a, ko abokin ciniki a kasuwar Shuwarin, ka riƙe amanarsa. Kada ka mai da shi shaidar da za ka bayar ranar Lahadi, kada ka sa labarinsa a Facebook. Sakin bakinka yana iya raba shi da gidansa da abincinsa. Ka amsa abin da ya tambaya da gaskiya da ladabi, ba tare da zagin inda ya fito ba, kada kuma ka matsa masa. Naka shi ne shuka da addu'a. Iska ta Allah ce.

ADDU'A
Ya Uba, na gode domin ba ka korar mai zuwa gare ka, ko da rana ko da dare. Ka sāke haifata ta wurin Ruhunka. Ka cire tsoron mutum daga zuciyata. Ka ba ni bakin da yake riƙe amana. Duk mai nemanka a ɓoye a Dutse da kewaye, ka tsare shi, ka bishe shi zuwa ga haske. Cikin sunan Yesu, Amin.

ABIN YI YAU
Ka karanta Yohanna 7:45-52 da 19:38-42. Ka ambaci mutum ɗaya a gaban Allah cikin addu'a, ba tare da ka faɗa wa kowa sunansa ba.