Kyauta a Gaban Makaɗi



In kaka ta yi, aka ɗaure hatsi dami-dami aka kai rumbu, sai ƙasarmu ta cika da kiɗi. Daga Safo har Jiratawa, daga Ɗan Isa har bakin tabkin Madarunfa, ba ka rasa jin ganga da dare. Nan kokowa, can bukin aure, gaba kuma wasan samari a dandali. Ran Salla mutane su tafi Maraɗi kallon hawan sarki. Duk inda aka taru haka, akwai abu guda da ba a rasawa, shi ne kyauta. Wani ya liƙa wa makaɗi jika a goshi, wani ya ba ɗan kokowa rago, wani attajiri ya sa a yi shela ya ba marayu buhun shinkafa goma. Maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa, mata su rangaɗa guɗa.

To, ga tambayar da nake so mu auna tare, ni da kai. Kyautar da aka yi a gaban makaɗi, don a gani a faɗa, alheri ce, ko kuwa ciniki ne, an ba da kuɗi an sayi suna?

In ka kai maganar nan gindin bishiya inda dattawa ke hira, amsa biyu za ka ji. Wasu za su ce riya ce. Malamai sun koya mana cewa sadaka a fili ta halatta, amma ta ɓoye ta fi, kuma gori yana ɓata ta. Wanda ya jira sai kalangu ya kira shi kafin ya sa hannu aljihu, in ji su, ya riga ya karɓi ladansa a nan duniya. Wasu kuma za su ce cikin maraya bai san niyya ba. Shinkafar da aka bayar don suna tana ƙosarwa kamar wadda aka bayar don Allah. Bayan haka, in alhaji ɗaya ya ba da goma aka yi masa guɗa, maƙwabcinsa ba ya yarda a bar shi baya, sai ya ba da goma sha biyar. Ka kashe ganga, ka rage buhu.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Amma ka lura, dukansu biyu mai bayarwa suke kallo. Niyya kuwa cikin zuciya take, ni da kai ba mu da mabuɗinta. A filin nan akwai wani mutum da ba a tambayi ra'ayinsa ba, shi ne wanda aka ba. Shi muna iya ganin halin da aka sa shi ciki, ba sai mun leƙa zuciyar kowa ba. Ni a ganina, daga wajensa ya kamata a fara awo.

Mu duba yadda iyayenmu suka yi da wannan al'amari. Ɗauki gayya. Magidanci ya kwanta ciwo tsakiyar damina, ko tsoho ƙarfinsa ya ƙare, ciyawa tana neman cinye masa gona. Sai a kai goro wurin sarkin samari, a sa rana. Ranar, samari su fito da haunyinsu, makaɗin gangar noma yana bin su a baya, yana kiran taken kowa. Wanda ya ji takensa sai ya ƙara wuta, don kada a ce wane ya riga shi kai ƙarshen kunya. Ka ga nan akwai neman suna ƙarara, ba wanda ya ɓoye shi. Amma sunan wa ake kira? Sunan mai aiki. Makaɗi ba ya taɓa cewa, "Ku zo ku ga wane ya kasa noma gonarsa." Mai gona kuwa shi ke kawo fura, ko da kaɗan ce. Ranar nan shi mai masauki ne, baƙi sun zo masa. Da marece gonarsa ta nomu, kansa kuma bai sunkuya ba.

Wannan dabara ce gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauka bayan 1974, da ta tayar da samariya a ko'ina cikin Nijar. Samari da ƴan mata suka yi ta gina azuzuwan makaranta, suna shuka itatuwa, suna share gari, da dare kuma su koyi waƙa da rawa da wasan kwaikwayo don zuwa gasar matasa ta ƙasa, wadda aka fara a Damagaram cikin 1976. Gaskiya ne samariyar ta zama hannun hukuma, kuma aikin da umarni ya kawo daga sama ba ya da daɗin wanda gari ya kira da kansa. Ta shuɗe da zamaninta. Amma a cikinta ma, wanda ake yabo shi ne garin da ya yi aiki. Ba a nuna yaron da ubansa ya kasa, ajin da aka gina na kowa ne.

Dubi kokowa kuma. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, kyauta a fili ba ta rabu da kokowa ba. Ana faɗin sunan mai bayarwa da lasifika, da abin da ya bayar, dubban mutane suna ji. Ba wanda ya ji kunya, domin ɗan kokowa da guminsa ya karɓa. Haka makaɗi. Abin da ka liƙa masa ladan aikinsa ne. Makaɗan fada su ke riƙe da kirarin sarakunan Katsinar Maraɗi tun daga Ɗan Kasawa, makaɗan noma da na mahauta da na maƙera kowa yana riƙe da taken gidajen sana'arsa. In aka daina ba su, ɗan makaɗi zai aje ganga ya tafi Libiya ko Legas neman kuɗi, abin da ke kan ubansa kuma a binne shi tare da shi. Saboda haka kyautar da aka yi wa mai wasa a fili ba ta cikin abin da ake zargi. Ka ba shi a gaban kowa, ka ƙara.

Mata ma suna da tasu hikima. Ka san yadda suke buki. Ranar sunan ɗanki na kawo miki dala ɗari, ranar nawa ki kawo mini ɗari biyu. Ana ƙirgawa a fili, ana riƙewa a ka, yanzu ma ana rubutawa. Ba wadda ta zama mai bara, domin wadda ta karɓa yau ita ce mai bayarwa gobe. A kan irin wannan tushe na buki da adashe aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi cikin 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda, a ba mai bukata rance ta biya da ɗan ƙari, in lokaci ya cika a fasa asusu a raba. Daga ƙasar nan tamu dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne, mai karɓa tana da hannu a cikin akwatin.

Gayya, kokowa, buki: a cikinsu duka akwai taro, akwai kiran suna, akwai gasa. Amma ba a taɓa kiran talaucin mutum a cikinsu. Ko dai abin da ya karɓa haƙƙinsa ne, ko kuwa an bar masa ƙofar ramawa.

Yanzu mu zo inda abin yake da wuya. Akwai wanda ba shi da abin ramawa: maraya, makaho, tsohuwar da ba ta da kowa, da magidancin da fari ya share wa rumbu. Ƙasar nan ta san yunwa. Manya suna tuna ta 1973 da 1974, da ta 1984 wadda ake kira El Buhari. Cikin 2005 ƙarancin cimaka ya taɓa yaran Maraɗi da Madarunfa ƙwarai. Taimako ya zo, ya ceci rayuka masu yawa, ba mai musun wannan. Amma hotunan ƴaƴanmu a rame sun zaga duniya, kuma yaran da suka rayu yau magidanta ne da matan aure. Yau kuma kowa da salula a hannu. Ana jera mabukata cikin rana, a ɗora wa kowa mudu biyu na shinkafa a ka, a tsaya kusa da shi a ɗauki hoto a sa a Facebook. Kafin ya kai gida, surukansa da ke wani gari sun gani. Shinkafar ta ƙare cikin kwana uku, hoton yana nan.

A nan ne kyauta take komawa ciniki, kuma mummunan ciniki, domin ba da kuɗinka kaɗai ka sayi sunan ba, ka haɗa da mutuncin wani. Shi kuwa bai sa mutuncinsa kasuwa ba. Yunwa ce ta hana shi cewa a'a.

Za ka ce mini, "Malam, in ba a yi rabo a fili ba, ta yaya za mu san an raba? Ai a cikin duhu ne buhu ke ɓacewa." Maganarka dutse ce. Dukiyar jama'a tana bukatar idon jama'a. Amma abin da ya kamata a gani a fili buhu ne, da hannun da ya riƙe shi. A ƙirga abin da aka tara a gaban kowa, a rubuta, a karanta da ƙarfi: wane ya ba da kaza, an samu kaza, an sayi kaza. A zaɓi mutum uku ko huɗu da gari ya yarda da su, da mata a cikinsu, su kai gida-gida bayan magariba, su dawo su ba da lissafi ga maigari da liman. Mai son suna ya samu sunansa, mai tsoron ha'inci ya ga lissafi, mabukaci ya ci tuwonsa cikin sutura. Ba wanda ya yi hasara sai mai son hoto.

Muna yawan maganar gadon gargajiya. Cikin 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tabkinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a gadon duniya. Abin alfahari ne, kuma ya kamata mu kiyaye su. Sai dai gado bai tsaya ga abin da ake nuna wa baƙo ba. Yadda uwa take aiken yarinya da ƙwaryar tuwo gidan maƙwabta bayan duhu ya yi, ta ce, "Ki ce a ɗanɗana miyata," alhali ta san ba a ɗora tukunya a gidan ba, wannan ma gado ne. Shi ba a yi masa katanga, ba a sa masa mai gadi. In muka daina yi, ya tafi ke nan.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka hana ganga, kada kuma ka tsaya binciken zuciyar mai kyauta, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. In kana cikin masu shirya wasa ko taron taimako a garinku, ko kai ne mai bayarwa, ka tambayi kanka abu guda kafin maroƙi ya buɗe baki: wanda za a ba ɗin nan, gobe da safe zai iya fitowa ƙofar masallaci ya gaisa da mutane kamar jiya? In zai iya, a buga ganga har asuba. In ba zai iya ba, a kai masa gida.

Ka karanta wa abokan hirarka wannan magana, ku tattauna ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cikin masu bayarwa, ya rufa mana asiri baki ɗaya.