Wa Ke Kiwon Makiyayi?

Kalmar nan "fasto" da muke kiran shugaban ikilisiya da ita, asalinta daga harshen Latin ne, ma'anarta kuwa makiyayi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda kiwo yake. Makiyayi yakan wuni a daji shi kaɗai da sandarsa da gorarsa, amma idan rana ta yi sanyi sai ya koro shanu zuwa ruga. A can abu biyu ke jiransa. Na farko, mai dukiya zai tsaya ya dubi garke, ya ga ko akwai wadda ta ɓace ko ta yi rauni. Na biyu, za a ba shi fura, a yi masa barka da daji, a tambaye shi yadda ya wuni. Mutanen da ke ƙirga masa shanu su ne kuma ke tambayar lafiyarsa, shi ya sa ba ya ɗaukar ƙirgar a matsayin cin fuska.

Tambayar da muke son mai karatu ya taya mu dubawa ita ce: shi makiyayin rayuka, ina rugar da yake komawa? Wa ke tambayar lafiyarsa, wa kuma ke da ikon ce masa yau ka yi kuskure? Mutane da yawa na ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu daban, wato kaɗaicin fasto da kuma rashin mai tsawata masa. A namu ganin ciwo ɗaya ne. Mutumin da ba shi da abokin da zai buɗe wa cikinsa, ba zai sami mai gaya masa gaskiya ba, domin ba a karɓar magana mai ɗaci sai daga bakin wanda aka amince da shi.

Bari mu fara da faston ƙauye, domin shi ne ya fi yawa a ikilisiyoyinmu na Arewa. Yana gama makarantar Littafi Mai Tsarki sai a tura shi garin da wataƙila ko yarensu ba ya ji, sai dai a haɗu a Hausa. Gidansa na jikin majami'a, don haka ba shi da lokacin tashi daga aiki. Mai rikicin aure shi zai nema, mai mara lafiya shi zai ta da cikin dare, mai neman kuɗin makarantar yaro shi zai yi wa kuka, alhali shi kansa albashinsa na jiran abin da aka samu na baiko ranar Lahadi. Asirin kowa na cikin cikinsa, nasa kuwa ba shi da inda zai kai. In ya shaƙu da wani ɗan ikilisiya, a ce yana nuna bambanci. In ya gaya wa ɗan'uwansa fasto damuwarsa, yana fargabar maganar ta kai kunnen shugabannin gunduma, ta shafi inda za a tura shi nan gaba. Matarsa ma ba ta tsira ba, domin tun tana ƙuruciya an riga an naɗa ta "Mama", ita ce abin koyi ga Zumuntar Mata, ba ta da damar ta ce ta gaji. 'Ya'yansa kuwa ana son su zama mala'iku. A wasu yankunan har da tsoron rai, kamar yadda muka gani a watan Janairu na 2020, lokacin da Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN bayan sun sace shi a Michika.

Faston babban birni kuwa nasa kaɗaicin kama dabam gare shi. Shi mutane ne suka yi masa yawa. Akwai mai riƙe masa Littafi, akwai mai buɗe masa ƙofar mota, akwai mai tantance wanda zai gan shi. Sai dai duk waɗanda ke kewaye da shi a hannunsa suke ci, wanda kuwa ke ci a hannunka da wuya ya ce maka rigarka ta baya ta yage. Na ƙauye talauci da nisa suka raba shi da abokai, na birni girma ya raba shi da su, amma makomarsu guda: kowannensu ya wayi gari babu wanda yake kallonsa a matsayin mutum mai iya gajiya, mai iya kuskure.

Domin kada a ce hasashe muke yi, ga abin da ya faru a Amurka. A shekarar 1996 wani matashi mai suna Mark Driscoll ya kafa ikilisiyar Mars Hill a birnin Seattle. Mutum ne mai baiwar wa'azi, har ta kai masu zuwa sujada sun haura 12,000 a mako, a rassa 15. Da farko ikon ikilisiyar na hannun taron dattawa ne, waɗanda kowannensu ke da ta cewa. A 2007 aka sauya tsarin mulkin ikilisiyar, aka tattara iko a hannun mutane ƙalilan, aka kuma sallami dattawa biyu da suka nuna rashin amincewa. Daga baya aka kafa kwamitin sa ido wanda ya ƙunshi har da manyan mutane daga wajen ikilisiyar. A takarda dai komai ya yi daidai. Amma mutanen waje ba sa nan ranar da ake yi wa ma'aikaci tsawa a ofis, na ciki kuwa sun riga sun ga abin da ya sami masu magana a 2007. A watan Agusta na 2014 tsofaffin fastocin ikilisiyar su 21 suka gabatar da ƙorafi a rubuce. Da aka bincika, ba a same shi da laifin lalata ko karya doka ko karkatacciyar koyarwa ba. Abin da aka same shi da shi shi ne girman kai, da saurin fushi, da kaushin harshe, da mulkin danniya. A watan Oktoba ya ajiye aiki, kafin shigowar 2015 kuwa ikilisiyar ta watse, wasu rassan suka koma cin gashin kansu, wasu aka rufe su.

Abin lura a nan shi ne, laifuffukan da suka rushe wannan babban gida irin waɗanda aboki kan gyara wa abokinsa ne a zaure, tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma an kori masu tanƙwarawa shekara bakwai kafin a ji ƙarar karyewa, jama'a kuma sun yi shiru saboda majami'a na cika. Wannan ita ce babbar yaudara a al'adar shugabancin addini: a ɗauka cewa cikar majami'a shaida ce ta halin mai wa'azi. Baiwa dabam, hali dabam, kuma baiwa takan yi gudun da hali ba ya iya cim mata.

Kada kuma a ɗauka tsohon tsari da manyan majalisu kaɗai sun isa. Ikilisiyar Ingila ta shafe ɗaruruwan shekaru da dokokinta, amma a watan Nuwamba na 2024 Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya sanar da murabus, bayan wani rahoto ya nuna cewa ba a bi kadin cin zarafin da wani mai suna John Smyth ya yi wa yara maza da samari yadda ya kamata ba. A irin wannan shirun, waɗanda suka fi cutuwa su ne marasa ƙarfi, waɗanda aka zalunta suka rasa wanda zai saurare su domin ana kare sunan gida.

To, akwai masu ja da wannan magana, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba. Sukan ce Allah ne ya kira bawansa, shi ne kuma zai yi masa hisabi, har su kawo ayar da ta hana a taɓa shafaffen Allah. Wasu kuma sukan ce, ai mun ga inda dattawa suka mai da fasto ɗan ƙodago, wani mai kuɗi guda ya riƙe wuyan ikilisiya, duk wa'azin da ya taɓa shi sai ya sa a nemi a ɗauke faston. Wannan gaskiya ne, yana faruwa, kuma shi ma zalunci ne. Sa ido da babu ƙauna a cikinsa farauta ce, wanda ake farauta kuwa ƙara ɓuya yake yi.

Amma idan muka koma ga labaran Littafi Mai Tsarki, ba mu ga inda shafewa ta keɓe mutum daga gyara ba. Sarki Dawuda shafaffe ne, amma da ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin, annabi Natan ya shiga har fada ya tona masa laifinsa. Natan kuwa ba baƙo ba ne a gidan, domin shi ne wanda Dawuda ya yi shawara da shi tun farko a kan gina Haikali. Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma shi kaɗai, sai surukinsa Yetro, bayan ya zuba ido ya ga yadda wunin ya kasance, ya gaya masa zai kashe kansa da gajiya, ya raba aikin. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, amma kafin nan ya taɓa sauka wurinsa a Urushalima har kwana 15. Duk waɗannan masu gyara abu biyu suka haɗa: kusancin da zai sa su ga abin da ke faruwa, da kuma rashin tsoron abin da faɗin gaskiya zai jawo musu. Kwamitin waje na Mars Hill ba shi da kusancin, ma'aikatan ciki kuma ba su da 'yancin.

Ikilisiyoyinmu na Arewa ba su rasa tsari ba. ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan na SIM, tana da majalisu tun daga kan ƙaramar ikilisiya zuwa gunduma har zuwa babbar majalisa a Jos. COCIN da EYN da HEKAN su ma kowace na da nata matakan. Inda gizo ke saƙar shi ne al'ada. Mun gāji girmama manya da kunya, waɗanda kyawawan abubuwa ne, amma idan suka wuce gona da iri sai su koma fadanci. Dattijo zai ga abu a taro ya yi shiru, sai an tashi ya je gida ya yi gunaguni. Ke nan fasto bai ji gaskiya ba, kuma bai tsira daga tsegumi ba. Alhali ko a sarautar gargajiya, sarki na da waziri da 'yan majalisa, har ma da wawan sarki wanda aka yarje wa ya faɗi cikin raha abin da wasu ba za su iya faɗa ba. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san muhimmancin shawara da nasiha ga shugaba, kuma mun tabbata limami da malami ba za su rasa ganin kansu a wannan madubi ba.

Mu da ke aikin koyarwa mun san amfanin abu biyun nan. Shugaban makaranta na duba shirin darasinmu, sufeto na zuwa, sakamakon jarrabawa kuma ba ya ɓuya. Amma muna da ɗakin malamai, inda za ka shiga ka ce ajin nan ya fi ƙarfina yau, wani ya yi dariya ya gaya maka yadda shi ya yi da su bara. Fasto da yawa ba su da sufeton kirki, ba su kuma da ɗakin malamai.

Ina mafita? A 1948, a garin Modesto na jihar Kalifoniya, mai bishara Billy Graham da abokan aikinsa uku suka zauna suka lissafa abubuwan da ke kayar da masu wa'azi: kuɗi, da mata, da sukar ikilisiyoyin gari, da zuzuta yawan masu halartar taro. Suka ɗaure kansu da ƙa'idoji a kan kowanne. Darasin da ke ciki shi ne, sun yi haka tun kafin sunansu ya cika duniya, kuma abokai ne suka yi wa juna alkawari, ba wani ne ya ɗora musu ba. Tun ran gini ran zane.

A wurinmu, kamata ya yi kuɗin baiko ya zama mutum fiye da ɗaya ke ƙirgawa, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a a kan lokaci. Wannan kariya ce ga fasto mai gaskiya kafin ta zama tarko ga maras gaskiya. Masu duba aikin fasto kada su zama waɗanda shi ke biyansu ko yake iya korarsu. A biya shi haƙƙinsa ba sai ya roƙa ba, domin mai roƙon abinci ba ya iya tsawata wa mai ba shi. A ba shi ranar hutu ta gaske. Kowane fasto ya sami wani dattijo amintacce, watakila fasto mai ritaya, wanda ba shi da hannu a sauyin wurin aiki ko zaɓe, wanda zai iya gaya wa damuwarsa tun tana jarabawa, kafin ta zama abin kunya. Haka kuma wanda ya zo da ƙara a kan shugaba, musamman mace ko yaro, a saurare shi a bincika, kada a fara da tambayar wa ya aiko shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga sauran 'yan ikilisiya kuwa, akwai aikin da ba ya bukatar kwamiti. Mutum ya je gidan fasto wata rana ba da matsala ba, ba da roƙo ba, ya zauna ya tambaye shi yadda gonarsa take da yadda yara ke karatu. Wanda ya saba zuwa irin wannan gaisuwa, ranar da ya zo da gyara za a buɗe masa ƙofa, a kuma saurare shi.

Allah ya ba shugabanninmu masu gaya musu gaskiya cikin ƙauna, ya ba su kunnen ji, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin faɗa. Amin.