Hoton da Ya Faɗi Rabin Gaskiya

Wai shin wanda ya nuna maka kyawun abu ya rufe maka muninsa, ƙarya ya yi maka, ko kuwa gaskiya ya faɗa bai ƙarasa ba? Tambayar da nake so mu tattauna ke nan 'yan uwa, misalina kuwa daga ƙasar Japan zan ɗauko shi.

A birnin Edo, wanda yanzu ake ce wa Tokiyo, an yi sana'ar buga hotunan mutane da katako, suna kiranta ukiyo-e. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a jikin allo, mai bugu ya shafa launi ya ɗora takarda ya goge da hannu, kowane launi da allonsa. Daga 1765 aka fara buga masu launi iri-iri, kuma da yake ɗaruruwa ake fitarwa, sai suka yi arahar da talaka ma ya saya.

Cikin gwanayen akwai Utamaro, wanda ya rasu a 1806. Shi dai ya ƙware a zanen mata: dogon wuya, gashi an naɗe an soke da tsinkunan ado, tufafin siliki ninki a kan ninki. Da yawa daga cikinsu matan Yoshiwara ne, unguwar da hukuma ta keɓe wa karuwai, an zagaye ta da ramin ruwa, ƙofar shiga ɗaya tak.

To ga abin da hoton bai faɗa ba. Akasarin matan nan iyayensu ne talauci ya sa suka ba da su tun suna ƙanana, suka karɓi kuɗi, yarinya ta zauna tana biya shekara da shekaru. Silikin nan da ake sha'awa, shi ma bashi ne a wuyanta. Tunjere da tarin fuka sun kashe da yawa da ƙuruciyarsu. Wadda ba ta da kowa sai a naɗe gawarta a tabarma a kai ta wurin bauta na Jokanji a ajiye.

Wani zai ce ai mai zane ba alƙali ba ne, kyau ya gani kyau ya zana, kuma ba don shi ba da sunayen wasunsu sun ɓace. Haka ne. Amma fa hotunan nan talla suka zama, su ne ke jawo maza zuwa unguwar. Mai gida ya ci riba, mai buga hoto ya ci, mai saye ya more idonsa, ita kaɗai ta biya. A ganina, rabin gaskiyar da wani ke cin abinci da ita, wata kuma na mutuwa a ƙarƙashinta, ta fi kusa da ƙarya.

Ba na ce a ƙona hotunan ba. A kalle su a yaba hannun, amma a tambaya: wannan 'yar waye, kuma yaya ta ƙare? Mu masu riƙe da alƙalami ma tambayar ta hau kanmu, duk sanda muka tsaya wasa kyan yarinya a labari. Allah Ya sa mu faɗi gaskiya mu ƙarasa ta, amin.