Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

A shekarar 1951, ƙungiyar ƙwallon Jami'ar San Faransisko da ke jihar Kalifoniya ta buga wasa tara, ta ci duka tara. Ƙwallon da ake magana a nan ita ce irin ta Amurka, wadda ake rungume ta a ƙirji a ruga da gudu, abokan hamayya suna ƙoƙarin kayar da mutum. Kocinsu shi ne Joe Kuharich, ana kiran ƙungiyar da suna Dons. Uku daga cikin 'yan wasanta, Gino Marchetti da Ollie Matson da Bob St. Clair, daga baya sun shiga zauren girmamawa na ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka. Matson kuwa ya fi kowane ɗan wasan jami'a a ƙasar nisan gudu da ƙwallo a wannan shekarar, yadi 1,566.

A al'adar can, idan kaka ta ƙare akan gayyaci ƙungiyoyin da suka yi fice zuwa manyan wasannin sabuwar shekara. Gayyatar ba suna kaɗai take kawowa ba, har da kuɗi masu kauri. Jami'ar ƙarama ce, ta cocin Katolika, kuma ƙwallon tana cinye mata kuɗi fiye da abin da take shigowa da shi. Wasa ɗaya irin wannan zai iya ceto ƙungiyar.

Yawancin waɗannan wasanni a kudancin Amurka ake yin su, inda dokokin wariyar launin fata suke da ƙarfi a lokacin. 'Yan wasan sun sha ba da labarin cewa saƙo ya zo musu daga masu shirya gasar Orange Bowl a Miyami: ku zo, amma ku bar baƙaƙen fatarku biyu a gida, Ollie Matson da Burl Toler. Suka ƙi. Hujjar da aka faɗa a fili ita ce wai ƙungiyoyin da suka doke ba su da ƙarfi. Ba su je ko'ina ba, kuma kafin shekarar ta fita jami'ar ta sanar da rufe ƙungiyar saboda rashin kuɗi.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: sun yi daidai?

Baki yana saurin cewa e, amma kada mu yi gaggawa, domin mai suka yana da abin faɗa. Zai ce: wa aka amfana? Wariya ba ta gushe a Miyami ba don samari sun zauna a gida. An yi wasan da wasu ƙungiyoyi biyu, an tashi lafiya. Ƙananan 'yan wasan da ba su gama karatu ba sun rasa ƙungiyarsu. Da sun daure sun je, ai da kuɗin ya shigo, ƙungiyar ta rayu, baƙaƙen fata masu zuwa a baya su sami inda za su buga. Rana ɗaya ta wulaƙanci, a sayi shekaru masu yawa na alheri. Lissafi ne mai kyau, kuma mu da sana'armu ta zama rubuta manhajar kwamfuta mun saba da irinsa: a auna riba, a auna hasara, a ɗauki mai rinjaye.

Sai dai lissafin ya ɓoye abu ɗaya. Ya ɗauka cewa ƙungiyar da za ta hau jirgi zuwa Miyami ita ce wadda ta ci wasa tara. Ba ita ba ce. Waɗancan nasarori da ƙafafun Matson da ƙirjin Toler aka same su. A ci moriyar guminsu wata uku, sannan ranar rabon ganima a ce su tsaya a bakin ƙofa, wannan shi ne cin moriyar ganga a yada kwaurenta. Abin da za a ceto da kuɗin ba ƙungiya ba ne, riga ce kawai da suna. Kowane ɗan wasa zai koma gida da sanin cewa akwai farashin da idan aka taya, za a sayar da shi shi ma.

Akwai kuma wani abu. Wanda ya gindaya maka mugun sharaɗi ba zuwanka kaɗai yake so ba, sa hannunka yake nema. Zalunci irin na wariya ba ya tsayawa da ƙafar azzalumai su kaɗai, yana jingina ne da dubban mutanen kirki da kowannensu ya ce, "Sau ɗaya ne, kuma ina da dalili." Ƙin zuwa bai rushe katangar ba, amma ya hana ta tubali ɗaya. Ba kowane aikin gaskiya ne yake gyara duniya ba. Wani iyakarsa ya hana ka zama makamin da za a sari ɗan'uwanka da shi.

Za mu iya kwantar da hankalinmu da abin da ya biyo baya. Matson ya ci lambobi biyu a gudu a gasar Olimfik ta Helsinki a 1952. Toler ya ji rauni a gwiwa, ya koma koyarwa, kuma a 1965 ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalan wasa a gasar ƙwararru ta NFL. Amma kada mu mai da wannan hujja. A ranar da suka ƙi, ba su san gobe ba. Da duk sun ɓace ba a sake jin sunansu ba, hukuncinsu yana nan daidai yadda yake.

Idan muka buɗe kundin alƙaluma a yau, layi ɗaya za mu gani: 1951, nasara 9, rashin nasara 0. Babu gurbin da ake rubuta wasan da aka ƙi bugawa. Haka rayuwarmu take. Takardar neman aiki tana lissafa inda muka je, ba ta lissafa kwangilar da muka ƙi don an ce a cire sunan abokin aiki, ko kujerar da muka bari don an hana na kusa da mu zama. Irin wannan hukunci ba kasafai yake zuwa da tafi ba, sau da yawa ma da hasara yake zuwa, kuma wasu da ba su ji ba ba su gani ba sukan biya wani kaso. Dole mu yarda da wannan nauyin. Duk da haka, mai son sanin ko mu su wane ne, a can ya kamata ya duba.