Ya Halatta a Yi Aiki da Rinjayen Zato?

Tambarin ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 don tace binciken likitanci, ɗan zane ne: layuka bakwai a kwance, ɗaya a tsaye ya ratsa tsakiya, sai ɗan lu'ulu'u a ƙasa. Kowane layi gwaji ne a kan matan da naƙuda ta zo wa kafin lokaci, aka yi musu allurar sitiroyid don huhun jariri ya ƙosa. Graham Liggins da Ross Howie ne suka wallafa na farko a 1972, daga ƙasar Niyu Zilan.

Layin tsaye na nufin magani bai tsinana komai ba. Gwajin da ya taɓa shi ba ya iya yanke hukunci shi kaɗai, kuma da dama sun taɓa. Da aka haɗa su, lu'ulu'un ya tsaya a hagu: allurar tana rage mutuwar bakwaini sosai.

Yau ɗalibi kan fitar da irin wannan zane a manhajar R da kunshin metafor, da umarni guda, forest(). Kwamfuta ta ɗiga alama inda ƙiyasi ya faɗa, ta ja layi dama da hagu gwargwadon rashin tabbas. Ƙaramin gwaji layinsa dogo, babba gajere.

Tambayar da ke ƙarƙashin zanen ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Malaman usulul fiƙihu sun bambanta yaƙini da zato da shakka da wahami, sun kuma yarda a gina hukuncin aiki a kan rinjayen zato. Ai alƙali ma da bakin shaidu yake hukunci, bai gani da idonsa ba. Jerzy Neyman, wanda ya tsara hanyar auna tsawon waɗannan layuka a 1937, shi ma bai yi alkawarin yaƙini ba. Kashi 95 ɗin da ake yawan ambata darajar hanyar ce: cikin layuka ɗari, kusan biyar za su kauce wa gaskiya, ba kuma mai iya nuna su da yatsa.

Mai ɓoye tsawon layinsa ya yi ha'inci, amma mai jiran layin ya zama ɗigo kafin ya motsa ya fi shi ɓarna. Sai a 1994 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ba da shawarar a riƙa yin allurar, bayan jarirai masu yawa sun rasu ana jiran tabbas.