Gobarar El Duniya da Hukuncin Gidajen Kallo



Muhawara a kan wuraren kiɗa da wasa ba yau ta fara ba a ƙasar Hausa, tushenta kuwa yana Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibobin sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi, ko da yake daga baya ya sassauta a kan wasu nau'o'i saboda saɓanin malamai. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu bai sassauta ba. Da ya sauka Kano a 1807, bisa niyyar wucewa Makka, sai ya sa aka farfasa kayan wasa, aka mai da kututturan ganguna komayen dawaki.

A wannan birni ne aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, a bayan ganuwa, sa'an nan El Duniya ta biyo baya. Malamai suka ƙyamaci abin, saboda cuɗanyar maza da mata cikin dare da tozarta lokutan salla. Yara kuwa suka riƙa satar jiki suna zuwa ba da sanin iyaye ba.

Ran 13 ga watan Mayu, 1951, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wuta ta tashi a ɗakin na'urar El Duniya. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kama wuta kamar albarushi. Cikin 'yan kallo wajen 600, mutum 331 suka rasu, galibinsu matasa. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu.

Nan da nan magana ta bazu cewa azaba ce Allah ya saukar, har aka ƙara da cewa wai an nuna surar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin fim ɗin. Hukuma ta fito ta ƙaryata, domin fim ne na Amurka wanda babu ruwansa da wannan. To, a nan ne mai hankali zai tsaya. Ƙyamar munkari wajibi ce, amma ƙaga labari a kan Manzon Allah don a tsorata jama'a ya fi zuwa silima muni nesa ba kusa ba. Haka kuma babu mai iznin ya yanke wa mamaci hukuncin Lahira. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, alhali maganar ta girmamawa ce, amma Annabi ya hana, ya bayyana cewa rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In an hana fassara husufi da zato, ina ga gobarar da ta ci 'ya'yan mutane? Ga shi kuma ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa wanda wuta ta kashe yana cikin waɗanda ake lissafawa shahidai. Musulmi ko ya mutu a wurin saɓo, yi masa salla farilla ce ta kifaya a kan al'umma.

Akwai kuma wani haƙƙi da surutun azaba ya rufe, watau amanar rayuka. Wanda ya tara ɗaruruwan mutane a gini ya karɓi kuɗinsu, wajibi ne ya tanadar musu hanyar tsira, ko gidan kallo ne, ko makaranta, ko masallacin Juma'a.

Gobarar ba ta hana gina wasu ba. A shekarar nan ta 1951 aka buɗe Palace a Jakara, cikin ganuwa. Sai a ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta rufe gidajen silima, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Palace ta riga ta zama asibiti, Wapa kuwa sunan kasuwar 'yan canji ya koma. Amma kallon da a da sai yaro ya haura katanga kafin ya same shi, kaset ɗin bidiyo ya kai shi ɗakin uwarsa, yanzu kuma yana cikin wayar da mahaifinsa ya saya masa da kuɗinsa.