Amanar Yaran Kurfai a Wuyan 'Yan Zawiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da dukiyar fansa amma sun iya rubutu, Manzon Allah (SAW) ya sanya fansar kowanensu ita ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu. A lokacin Musulmi suna cikin ƙunci, duk da haka aka karɓi karatun yara a madadin kuɗi. Wannan darasi ya shafi ƙasar Kurfai a yau.

Shekarun nan rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun sauka Abala da Filinge, yaransu ba allo ba alli. Inda makaranta take a buɗe ma, sau da yawa ajin na zana ne, sai damina ta wuce ake kafa shi. Haɗarinsa sananne ne: a 2021 gobara ta kashe ɗalibai ƙanana a irin waɗannan ajujuwa a Yamai, ta sake yi a Maradi. Sannan yaron ƙauye da ya ci jarrabawar shiga kwaleji yakan rasa mai masauki a gari, sai ya koma gida. Yarinya ce ta fi saurin komawa. Ɗan mai hali ya wuce, ɗan talaka ya tsaya, alhali Allah bai raba basira bisa ga dukiya ba.

Shehunnan ɗarika ba su raba zikiri da hidima ba. A kudancin wannan kwari na Dallol Boso, inda Filinge take, akwai Kiyota, garin Shehu Abubakar Hashim. A can Sayyada Ummul Khairi, 'yar Shehu Ibrahim Inyass, ta shafe shekaru tana kafa makarantu da karantar da mata da 'yan mata. Muridin da yake son Shehu, to ga sawun gidan Shehu.

Hanyar ba mai nisa ba ce. Makarantu suna buɗewa a watan Oktoba, daidai lokacin da gero yake shiga rumbu. Wanda zai fitar da zakkar hatsi ya fara duba gidan da ake riƙon marayu da 'yan gudun hijira. Mai ɗaki a Filinge ya sauki ɗalibi ɗaya daga ƙauye, ya ci abin da 'ya'yansa suke ci. Muƙaddami kuwa, bayan zikirin Juma'a, ya tambayi yaran unguwa nawa ne ba sa zuwa makarantar allo ko ta boko, a san sunayensu, a raba nauyinsu tsakanin 'yan'uwa: wani littafin rubutu, wani takalmi, wani takardar haihuwa. A yi shi cikin sirri, kada a kunyata yaro ko uwarsa.

Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu, ya yi wa mai riƙon maraya bushara da irin wannan kusanci da shi a Aljanna. Kusancin nan shi ne abin da muridi yake nema a lazimi da wazifa, ga shi kuma an buɗe masa ƙofarsa a gidan maƙwabci.

Allah Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Kurfai, Ya buɗe makarantun da aka rufe, Ya yi wa yaranta budi, albarkar Annabi (SAW). Amin.